Injin fatsa na bakin teku, yadda za ka zaɓi wanda gishiri ba zai cinye ba

Satin da ya wuce ɗan yayata ya same ni bakin kasuwar Yauri da waya a hannu, wai Kawu duba min wanga, sai ya nuna min hoton wani injin fatsa mai ruwan zinari yana ta ƙyalli kamar kayan lefe, an rubuta 14+1 ɓaro ɓaro jikin kwalinshi, kuɗin kuma ba wani yawa. Yaron ya samu aikin tuƙi can wajen Ibeju-Lekki, inda zai zauna ba nisa da teku, kuma tun yana ƙarami in ka neme shi ka rasa tau ka duba bakin gulbi. Na ce mishi mayar da kuɗinka aljihu tukuna ka samu wuri ka zauna. Abin da na gaya mishi rannan shi ne zan maimaita nan, don na san akwai yaranmu da yawa Legas da Badagry da Kwatano har Lome masu wagga sha'awa.

Ni ma na yi zaman Legas shekaru, albasa ta kai ni Mile 12 daga baya na koma wajen Badagry, can na fara jefa ƙugiya cikin ruwan gishiri. Mu nan abin da munka gada homa ce da gora da birgi da mamari, ko bikin Argungu da ake yi tun 1934 ba ka ganin mutum da sanda mai inji cikin Matan Fada, saboda haka ranar da na fara riƙe abin ji na yi kamar an ba ni sitiyarin jirgi. Irin da nake magana shi ne wanda ake rataya wa ƙarƙashin sanda, kwarkwaron zaren yana kallon gaba ba ya juyawa lokacin jifa, akwai wata waya mai lanƙwasa kamar marikin bokiti da kake ɗagewa zare ya fita, in ka mayar da ita ka juya hannu sai ta rinƙa naɗe zaren. Masu sayarwa ril suke ce mishi. Akwai wani iri na kwance da ke zama bisa sanda, wannan ga sabon shiga tashin hankali ne don zare ke cukurkuɗewa, mu bar shi gefe.

Na farko da na saya irin na yaron nan ne sak, ba sai na faɗi sunan da ke jikinshi ba. Fita biyu na yi da shi. Fita ta biyu igiyar ruwa ta taso ta watsa min har ƙirji, ban ɗauke shi komi ba tunda gida kullum kayanmu cikin ruwa suke, na dawo na cusa shi cikin jaka na rataye. Bayan sati biyu na ɗauko, hannu ya ce bai san zancen ba, ko motsi. Da na kwance shi giris ɗin ciki ya koma kamar kunun kanwa da anka zuba wa yashi, boris sun yi ja kamar tofin goro, gefen kowane sukuru kuma wani farin gari ya fito kamar wanda ke taruwa kan batirin mota. Ko kifin kirki ban kama da shi ba balle in ce kifi ya karya shi.

Tau ga abin da ban sani ba lokacin. Ruwan teku kowace lita ɗaya tana ɗauke da gishiri wajen giram 35, kamar babban cokali biyu ke nan, jarka mai lita 20 in ka ƙafar da ita za ka kwashe wajen giram 700. Ruwan in ya shiga inji ya bushe gishirin ba ya zuwa ko ina, yana nan maƙale yana jawo danshi daga iska, kuma iskar bakin teku da ma jiƙe take. Sannan duk inda ƙarfe iri biyu sunka haɗu, misali sukurun silba, wato farin ƙarfen nan mara tsatsa, cikin jikin alminiyam, ruwan gishiri ya ratsa tsakaninsu, sun zama ƙaramin batir ke nan, mai rauni daga ciki shi ke narkewa a hankali, wannan farin garin da na gani alminiyam ɗin ne ke ci. Ga yashi kuma, yashin teku da igiyar ruwa ke tasowa da shi gauraye yake da ruwan, duk ƙofar da ruwa ya bi shi ma ya bi, in ya haɗu da giris ya zama abin goge ƙarfe. Don haka in za ka sayi inji don bakin teku tambayar farko ba wane kifi zai iya ja ba, tambayar ita ce ta ina ruwa zai shiga kuma in ya shiga mi zai tarar.

Fara da rufin, don nan ne kuɗin suke tafiya. Injin kirki na teku ana sa mishi zobban roba wajen da hannu ke shiga, da wajen sandar da kwarkwaro ke hawa, da murfin gefe, da kan birki. Kwali zai ce maka ba ya jin ruwa, kowane kwali haka yake cewa, kai dai nemi wasu haruffa, IPX da lamba a gaba. IPX5 na nufin ya jure feshin ruwa kamar na tiyo, IPX6 feshi mai ƙarfi sosai, IPX7 an nutsa shi cikin ruwa zurfin mita 1 na minti 30, IPX8 ya wuce haka gwargwadon abin da kamfanin ya gwada. Ga wanda zai tsaya kan yashi ruwa na watso mishi lokaci lokaci IPX5 ta wadatar, amma in kai irin masu kutsawa ruwa har ƙugu ne don jifa ta yi nisa tau ka nemi 6 zuwa sama. Abu ɗaya da zai ba ka mamaki a shago, mai rufin roba in ka juya hannunshi za ka ji ya ɗan yi nauyi, ba ya wulwulawa sakayau kamar na banza, saboda robobin suna riƙe da shi. Yaran shago sun san haka shi ya sa suke kaɗa hannun mai arha su sake shi ka ga yana ta juyi shi kaɗai, oga dubi santsi. Wannan santsin na rashin ƙofa ne, ba komi tsakanin giyarshi da teku.

Sai jiki. Iri ukku za ka tarar. Akwai na roba mai tauri da suke kira girafait, ba ya tsatsa ko kaɗan kuma ba nauyi, matsalarshi in babban kifi ya ja sai jikin ya ɗan murɗe, haƙoran giya su kauce wa juna su fara cin kansu. Akwai na alminiyam, shi ne nake ba da shawara, ba ya murɗewa amma fentin ko rinin da anka yi mishi shi ne rigarshi, duk inda ya kwarzane nan gishiri zai fara. Akwai na magniziyam, mara nauyi mai tsada, wanga ko kyauta anka ba ka ka ajiye shi don ruwan daɗi, don cikin ƙarafan nan shi gishiri ya fi saurin ci in fenti ya tashi. Gwaji mai sauƙi, riƙe ƙafar injin wadda ake ɗaurawa jikin sanda da hannu ɗaya, ka riƙe jikin da ɗayan, ka murɗa kamar kana matse wanki amma a hankali. In ka ji yana bin hannunka ajiye musu kayansu.

Giya ba ka ganinta sai an buɗe kuma ba mai shagon da zai bari ka buɗe, saboda haka karanta takardar. Masu arha giyarsu ƙarfen zubi ne mai gautsi, wanda anka narka anka zuba cikin ma'auni, haƙoran ba su daɗewa. Ka nemi wadda anka ce tagulla ce ko silba ko alminiyam da anka sassaƙa da inji ko anka matse. Za ka ga wata lamba kamar 5.6:1, ma'anarta in ka juya hannu sau ɗaya kan injin ya zagaya sau biyar da ɗoriya. Mai lamba ƙasa kamar 4.7:1 ya fi ƙarfin ja kamar giya ɗaya a mota, mai 6.2:1 ya fi sauri. Ni tsakiya nake so, don bakin teku in kana janyo dalma daga nesa kana son ta taso da sauri kar ta rinƙa jan ƙasa tana maƙalewa, manyan injuna juyi ɗaya kan kwaso zare kusan mita guda.

Zancen 14+1 kuwa da ya ruɗi yarona, adadin boris ne, ɗayan na ƙarshe shi ne mai hana hannu komawa baya. Duk wanda ya taɓa kai mashin wajen bakanike ya san boris suna suka tara. Guda 5 ko 6 na silba masu murfi sun fi 14 na baƙin ƙarfe da ke buɗe, kuma a teku kowane boris wurin tsatsa ne guda, ka ga mai 14 ya ba gishiri masauki 14 ke nan. Manyan injunan da ake ji da su da yawa 5+1 ne ko 6+1.

Birki shi ne abin da nake so in daɗe a kai don mutanenmu ba su saba da shi ba. Mu a gida in kifi ya ci ja kake da ƙarfin damtse, ko kai ko shi. A inji ba haka ba ne, akwai wani murfi gaban kwarkwaro da kake murɗawa, ƙarƙashinshi wasu faifai ne jere, suna matse kwarkwaron yadda in kifi ya ja da ƙarfin da ya kusa tsinka zare sai ya saki zaren a hankali yana ƙara, kifi ya yi ta gudu yana jan nauyi har ya gaji. Faifan nan a masu arha na wani abu ne kamar audugar da anka danne, suna ƙonewa su lanƙwame, a masu kyau na kabon ne, kamfanin Penn suna kiran nasu HT-100. Ka sayi mai birki a gaba, masu birki a gindi na ƙananan kifin ruwan daɗi ne. Kar lambar kilo 15 ko 20 da ke kwali ta ɗauke maka hankali, ba za ka taɓa ɗaure shi haka ba, in ka yi ma kifi zai ja ka ne cikin ruwa ko sanda ta karye. Abin dubawa shi ne laushin sakin. A shago ka ce a naɗa ɗan zare, ka ɗaure birki tsaka tsaki, ka naɗe zaren jikin biro ka ja a hankali. In ya fito sumul da ƙara iri ɗaya tau madalla, in kuwa ya riƙe sannan ya fizgo, ya riƙe ya fizgo, wannan fizgar ita ce za ta tsinka maka zare ranar da kifin shekara ya ci.

Yadda ake saita shi kuwa, kashi ɗaya cikin huɗu zuwa ɗaya cikin ukku na ƙarfin zaren. Zare mai lamba 30, wato laba 30, yana tsinkewa wajen kilo 13 da rabi, ke nan birkinka wajen kilo 4. Ba sai ka nemi sikeli ba, cika galan mai lita 4 da ruwa ka ɗaura zaren a hannunshi, ka ɗaga da injin kai tsaye ba da bakin sanda ba, ka yi ta sassautawa har ya zama galan na barin ƙasa zare na fara zamewa. Riƙe wannan jin a hannunka, bayan sau biyu ukku ba ka ƙara buƙatar galan.

Girma. Nan ma akwai ruɗani don kowane kamfani da lissafinshi, Daiwa BG mai lamba 5000 ya kusa girman Shimano mai 10000, saboda haka in ka ce wa mai shago ba ni dubu biyar ba ka ce komi ba. Duba jikin kwarkwaro, an rubuta mita nawa yake ɗauka na wane zare. Don jifa daga bakin yashi da sanda mai tsawon mita 3 zuwa 4 da dalma mai giram 100 zuwa 150, kana son wanda zai ɗauki mita 250 zuwa 300 na tuƙaƙƙen zare, irin siririn nan da zan yi bayani gaba, mai lamba 30 zuwa 50. Dalili, jifa kaɗai za ta ci mita 70 ko 80 in hannunka ya faɗa, sannan kifi irin shainos ko barakuda ko wani mai faɗi kamar faifai da ke kwanciya ƙasa ya ƙara kwasar nashi, ga wanda za ka rinƙa yankewa kullum saboda ya goge. A lissafin Penn wajen 5500 zuwa 6500 ke nan, a na Shimano 8000 zuwa 10000. Kar ka ce bari in sayi mafi girma gaba ɗaya in huta, waɗannan da na faɗa ma sun haura rabin kilo, ka yi jifa hamsin da wanda ya fi su ka ji yadda kafaɗa za ta gaya maka. In ma cikin lagun za ka tsaya ko bakin gada, 4000 ya ishe ka.

Wayar nan mai kamar marikin bokiti, ka duba ta yi kauri, ka buɗe ka rufe sau goma ka ji tana tsayawa daram. Manyan injuna da yawa da hannu ake rufe ta, BG daga 4500 zuwa sama haka yake, kuma ba gazawa ba ce da gangan anka yi. Mai rufe kanshi in an juya hannu wata rana kana tsakar jifa hannun zai motsa ta rufe tas, zare ya tsinke dalma ta tafi kamar harsashi, Allah ya kiyaye in akwai mutum gaba. Ko naka mai rufe kanshi ne ka saba rufewa da hannu ka ɗan ja zaren ya miƙe kafin ka fara naɗi, yana rage ƙulle ƙullen da iska ke sa wa. Gefen wayar akwai wani ɗan ƙaramin gargare da zare ke bi ta kai, taɓa shi da tsinken ashana ka ga yana juyawa. Wanga ɗan abu shi ke fara mutuwa a kowane inji don shi ke shan ruwan da zare ya kwaso, in ya tsaya zare zai sassaƙa mishi rami, ramin kuma ya dawo yana cin zaren.

Sunaye, tunda na san tambayar da za ta biyo ke nan. Penn na Amurka ne, tun 1932 suke Filadelfiya, kuma kayansu irin na ɗan dako ne, nauyi da juriya. Spinfisher VI jikin ƙarfe ne da IPX5, Slammer IV yana da IPX6, Battle III kuma jikin ƙarfe ne mai sauƙin kuɗi amma rufinshi bai kai na waɗancan ba. Shimano na Japan, su ne dai masu giyar keke da ka sani, Saragosa SW nasu jikinshi IPX8 ne. Daiwa su ma Japan, BG giyarshi babba ce mai daɗin juyi kuma kuɗinshi da dama dama, sai dai jikin ba a toshe yake ruf ba, yana son mai kula. Wasu na Daiwa suna da abin da suke kira Magsealed, wani mai ne da maganaɗisu ke riƙewa ya tare ƙofa, yana aiki amma ba a buɗe wurin a gida, in ka wanke man ba ka da inda za ka samo shi nan kusa. Su Stella da Saltiga da Van Staal kuwa a gaishe su daga nesa, na ƙarshen ma cikin ruwa ake nutsewa da shi ana juyawa, amma kuɗin ɗaya zai saya maka kwalekwale a nan har da canji. Da ni ne yaron nan mai albashin direba, Spinfisher zan tara kuɗi in saya, in bai samu ba BG ko Battle tare da alkawarin wanki. Farashi ba zan faɗa ba don dala ke juya shi, abin da na faɗa yau jibi ya zama ƙarya.

Dalilin da ya sa nake nacewa kan sanannen suna ba don gayu ba ne, don kayan gyara ne. Sifirin ɗin wayar nan zai karye wata rana, gargaren zai ci, faifan birki za su ƙare. Sanannen inji yana zuwa da takarda mai zanen kowane ƙarfe da lambarshi, ka ba wanda ke oda lambar ya kawo maka, mara suna kuwa sifirin na naira kaɗan ya karye shi ke nan ya zama abin wasan yara. Ajiye wagga takarda kamar takardar fili. Kuma a kula da jabu, suna nan birjik, in ka ga babban suna da kuɗin da bai kai rabin na ko ina ba, rubutun jikinshi yana gogewa da farce, ba takardar zane cikin kwali, ka san inda ka dosa.

Na hannu fa? Ana dacewa sosai, ni wanda nake riƙe da shi yanzu na hannu ne. Amma ka je da rana ka duba da idonka. Juya hannu a hankali ƙwarai kusa da kunne, in kana jin gurr gurr ko wani wuri yana ɗan tsayawa, giya ko boris sun tafi. Mayar da hannun baya, bai kamata ya motsa ba ko kaɗan. Cire kwarkwaro ka leƙa ƙarƙashi, nan masu wanke kaya don sayarwa ke mantawa, in ka ga kore ko farin gari ko fenti ya kumbura kamar ƙurji tau gishiri na ciki. Duba kawunan sukuru, in sun lalace an sha buɗe shi da abin da bai dace ba. Sannan ka zagaya leɓen kwarkwaron da ɗan audugar kunne, duk inda ta maƙale akwai tsaga, kuma zare na bin wannan leɓen ne duk jifa. Sandar tsakiya ma ka kalle ta tana shiga tana fita, in ta karkace an taɓa yar da shi.

Zare iri biyu ne, na roba da munka sani da kuma tuƙaƙƙe mai kama da zaren ɗinkin takalmi. Tuƙaƙƙen ya fi siriri a ƙarfi ɗaya, ya fi nisa, ba ya miƙewa don haka ko ɗan taɓi kifi ya yi ka ji, amma da tsada kuma dutse na yanka shi nan take. In shi za ka sa, fara naɗa na roba kamar mita 10 ko ka liƙa salatif a kwarkwaron, in ba haka ba duk ƙunshin zai rinƙa zamewa ka ɗauka birki ne ya lalace. Cika shi ya rage kamar milimita 2 zuwa leɓe, in ya gaza jifa ba nisa, in ya wuce ya zubo a dunƙule. A bakin kuma ka ƙulla na roba mai kauri tsawon sanda biyu don ya ɗauki fizgar jifa, ka naɗe ɗan yatsanka da filasta, na ga yadda tuƙaƙƙen zare ke tsaga yatsa kamar reza in birki ya zame lokacin jifa.

Tau duk wanda ka saya cikin waɗannan, in ba ka wanke shi ba kuɗinka ka zubar, har mai IPX8 ɗin. Wani dattijo Egun da nake tsayawa kusa da shi a Badagry, injinshi fenti duk ya koɗe amma juyi kamar agogo, shi ya nuna min, kuma ba wani abu ba ne fiya wata ce leda ukku. Kafin ka bar bakin ruwa ko da ka isa gida, ɗaure birki tam don ruwa kar ya shiga faifan, huda ledar da haƙori ka rinƙa tsiyaya a hankali daga sama, kan zaren, kan gargaren, kan hannu, ƙarƙashin ƙafa. Ba a tsoma shi cikin bokiti kuma ba a sa mishi ruwa mai ƙarfi irin na wankin mota, wannan tura gishirin ciki yake. Ruwan rijiyar unguwannin bakin teku ma sau da yawa da ɗan gishirinshi, shi ya sa fiya wata. Goge da tsumma, juya hannu sau ashirin ya watsar da saura, bar shi a inuwa ya sha iska, sannan ka kwance birkin gaba ɗaya kafin ka ajiye don faifan kar su danne. Ɗigon man keken ɗinki ɗaya kan gargaren da gaɓoɓin wayar da marikin hannu bayan fita biyu ko ukku. Man feshin nan WD-40 a fesa a tsumma a goge waje kawai, in ka fesa ciki narkar da giris yake. Cikin kuma sau ɗaya a shekara a buɗe a sa sabon giris, ɗan kaɗan a haƙoran giya ba a cika kamar ana cusa wa boris ɗin tirela ba, kuma ka ɗauki hoto da waya duk abin da ka cire kafin ka cire na gaba.

Yashi kuma maganinshi kar inji ya taɓa ƙasa, ko sau ɗaya. Sami bututun roba na famfo mai faɗin da gindin sanda zai shiga, tsawon kamar mita 1, yanke bakinshi a karkace ka soka cikin yashi, duk lokacin da za ka sa abinci a ƙugiya ko cire kifi sanda ta shiga nan. In tsautsayi ya sa ya faɗi, kar ka juya hannu don ka ji ko lafiya, wannan juyin shi ke niƙa yashin ciki, wanke tukuna. Kuma tunda zancen faɗuwa ya zo, ɗan Sarkawa kar ka ce ka iya ruwa, na gaya wa yaron nan sau ukku, iyon Kwara daban na teku daban, akwai wuraren da ruwa ke komawa ciki da gudu ya ja mutum ta ƙafa, kuma ba a ba teku baya ko ana ɗaurin ƙugiya.

Ya tambaye ni wai in ya zo hutun sallah zai yi aiki nan gida? Sosai ma, injin teku a tafkin Kainji hutu yake, kuma girman nan daidai giwan ruwa ne, tsage ma in ka sa mishi 'yar waya a baki saboda haƙora. Akasin haka ne ba ya yiwuwa. Wanda kuma ya san shi iyakarshi Yauri da Ngaski da Argungu, kar ya biya kuɗin robobin da ba ya buƙata, jikin alminiyam da birki mai laushi sun ishe shi, ƙurar hunturu ce kawai zai rinƙa rufe wa. In za ka taho da shi a mota cire shi daga sanda, kwance hannun ko ka naɗe shi ciki, zura injin cikin tsohuwar safa mai kauri ka sa cikin jakar da ke kan cinyarka, kar ka ba yaran mota su jefa but ƙarƙashin buhuna, sandar tsakiyar nan in ta lanƙwashe ko da kaurin farce ne naɗin zare ya karkace ke nan.